Hoton Inna Mai Zaren Haske

Tun da na dawo daga Tawa ta ƙasar Nijar ban sha shayi cikin natsuwa ba. Da na zauna a majalisarmu ta Ƙofar Taramniya a nan Sakkwato, sai wani ya jawo benci ya ce, "To Bello, ba mu labari." Na ba da labarin nan har ya fara canza kama a bakina. Ran Talata na ji kaina ina cewa kwana bakwai na yi, alhali uku ne. Wasu kuma sun riga ni yaɗa shi: a Mabera an ce an kama ni a kan iyaka da bindigar harbo jirgi, a kasuwa an ce mata na je nema. To ga shi na rubuta sau ɗaya. Wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda, in ci gaba da shan shayina.

Ni mai hoto ne, kuma gado na yi. Mahaifina Malam Umaru, Allah ya jiƙansa, yana cikin masu hoton farko a unguwarmu ta Ƙofar Rini, tun zamanin baƙi da fari, lokacin da ake wanke hoto da hannu a ɗakin duhu. Ni ban tarar da wannan ba. Ina ƙarami hoto mai kala ya shigo, ya rufe ɗakin, aka mayar da shi wurin ajiye buhunan gero da tsofaffin gadaje. Nawa aikin na kwamfuta ne. Ina iya cire wa mutum ƙuraje, in rage masa tumbi, in tsayar da shi a bakin jirgin sama alhali ko Gusau bai taɓa zuwa ba. Shi ya sa nake ganin ba wani abu na hoto da zai gagare ni.

Akwai wani hoto a ɗakin Inna, mahaifiyata, tun kafin a haife ni. Ita ce a ciki tana amarya, da farin mayafi. Amma mayafin bai fito fari ba. Ya juye ya zama ruwan toka mai ƙyalli kamar cokalin azurfa, farin bangon da ke bayanta ma ya yi duhu, fuskar kuwa tana nan yadda take. Sannan ga wani siririn zaren haske ya bi gefen fuskarta, ya bi mayafin, ya sauko har yatsunta. Tsofaffin unguwa suna kiran irinsa hoton azurfa, sun ce Malam Umaru kaɗai ke yin sa a garin nan, shi ma ba ga kowa ba.

Daminar bara rufin ɗakin ya yi yoyo daidai saitin hoton. Takardar ta manne da gilashi, da aka ɓamɓaro sai fuskar ta bi gilashin. Inna ba ta yi kuka a gabanmu ba, amma ta daina zama a wannan gefen ɗakin. Bayan wata biyu likitan ido ya ja ni gefe ya ce hawan jinin ido ya cinye na hagu, na dama ma hasken da ya rage ba mai daɗewa ba ne. Ya ce duk abin da take son gani a nuna mata yanzu.

Abu ɗaya take son gani, kuma ba ni ta gaya wa ba. Ni ne ɗan farinta. Shekarata arba'in da shida, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Kai" nake, ko "wancan". Magana mai nauyi sai ta bi ta hannun ƙanwata Asabe. Asabe ce ta same ni a shago ta ce, "Yaya, hoton nan nata taka so."

Na birkice akwatin Baba, na sami nagetif ɗin a cikin wani ambulan. Ga waɗanda aka haifa da waya a hannu, nagetif shi ne ɗan fim ɗin da ake fitar da hoto daga jikinsa, kuma komai a jikinsa a juye yake: fari baƙi ne, baƙi fari ne. Na ɗauke shi a kwamfuta, na juya shi daidai, na buga a takarda mai kyau, na kai wa Inna ina taƙama. Ta kai shi dab da idon dama, ta daɗe, ta ce wa Asabe, "Yarinyag ga na san ta. Amma hoton ba shi ba na."

Na koma na buɗe abin juya haske na kwamfuta, na yi mata iri goma sha biyu. A ɗaya fuskar ta fito fara fat da baƙaƙen haƙora. Inna ta ce, "A'uzubillahi! Ɗauke min aljanag ga." A na ƙarshe na zauna na zana zaren hasken da hannuna, wuni guda ina yi. Ta duba ta miƙo min. "Wanga zaren kai kaz zana shi. Wancan shi yaz zo da kainai." Raina ya ɓaci ƙwarai, don gaskiya ta faɗa.

A bayan ambulan ɗin Baba ya rubuta da ajami: Nomau, Tawa. Wani tsohon tela a unguwarmu ya ce ai Nomau abokin Baba ne, mutumin Nijar, ya zo cin rani ya zauna shekaru suna aikin hoto tare. Masu fataucin albasa suka ce yana nan da ransa. Na ce to, wanda ya ga yadda ake yi shi zan je in tambaya.

Na isa tasha da sassafe. Ɗan kamasho ya rantse mutum ɗaya ya rage motar Illela ta tashi, na shiga na tarar ni ne na biyu. Sai da hantsi ya dubi ludayi muka cika. Nagetif ɗin na sa shi a ɗan gwangwani, na naɗe da hankici, na sa a aljihun gaba, hannuna a kai. Kusa da ni wata dattijuwa ce mai fataucin atamfa, Hajiya Kulu, mai bakin da ba ya hutawa. Ba mu kai Kware ba ta ce, "Ɗana, ciwon zuciya gare ka?" Na ce a'a. Ta ce, "To laya ta?" Na ce hoto ne. Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Ta ƙi ka ke nan. Ka yi haƙuri, mata suna da yawa."

Bayan Gwadabawa taya ta fashe. Muka sauka muka rarrabu a gindin wata bishiyar bedi, rana kuwa ta buɗe sosai. Ni tsorona kada zafi ya lanƙwasa fim ɗin, sai na cire hula ina yi wa aljihuna fifita. Ban san ana kallona ba sai da wani dattijo ya matso ya ce in ɗan tsuntsu ne in buɗe masa ya sha iska. Hajiya Kulu ta ce, "Ƙyale shi, budurwatai ta a ciki." Har muka isa Illela sunana ango.

A kan iyaka aka duba takarduna lafiya lau. Har na juya, sai wani jami'i dogo mai gashin baki ya nuna aljihuna ya ce, "Mi ag ga nan?" Na kwance hankici, na buɗe gwangwani. Kafin in ce ya riƙe ta gefe, ya sa yatsu biyu ya ɗaga shi saitin rana. Na lura ƙuli-ƙuli yake ci. Fim ɗin nan kuwa wallahi shi ke nan a duniya, babu na biyu.

Ya ce, "Wa ta wagga?"

Na ce, "Mahaihiyata ta."

Ya dube ni, ya dubi fim ɗin, ya sake dubana. "Kai baƙi wuluk, uwakka hwara sol? Baturiya ta? Kuma mi yas sami haƙoranta?"

Ya kira abokan aikinsa, aka kewaye mu, har Hajiya Kulu ta leƙo ta ce ashe budurwar tsohuwa ce, ga farin gira. Na yi bayani da baki ba wanda ya gamsu. Sai na fito da waya, na kunna abin da ke juya haske, na ce ya kalli fim ɗin ta ciki. Nan take Inna ta fito yarinya baƙa kyakkyawa da farin mayafinta. Mutumin ya yi salati. Sai ya juya wayar ya kalli abokinsa, ya gan shi fari fat da baƙin haƙori, ya ƙyalƙyale da dariya har yana riƙe ciki. Daga nan kowa sai an nuna masa kansa. Har mai sayar da ruwan sanyi ya shiga layi. Ni dai na samu na karɓe fim ɗina, na duba, Allah ya taimake ni man ƙulin a gefe ya tsaya.

A Ƙonni na canza mota. Abin da ya fara burge ni a ƙasar nan shi ne Hausata ba ta ba kowa dariya ba. A Kano da na buɗe baki ake murmushi ana cewa Basakkwace ya iso. A nan na yi ta zuba "munka" da "sunka" ba wanda ya ɗaga kai. Sai dai in ka tambayi ƙarfe nawa, a amsa maka da Faransanci, ka yi godiya ka tafi ba ka san lokacin ba. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, a hammata ake ɗaukar sa. Ba su da gaggawa ko kaɗan. A wurinmu in mota ta tsaya fasinjoji kan yi wa direba ca. Can direbanmu ya tsaya a Badagishiri ya gaida surukarsa, ya ci abinci, ba wanda ya ce uffan. Ni kaɗai nake tsaki, har na ji kunya na daina.

Na shiga Tawa da la'asar. Na ce wa ɗan kabu-kabu ya kai ni wurin Nomau mai hoto, shi kuma "mai hoto" kawai ya riƙe. Shago uku ya kai ni, duk samari ne da kwamfuta irin tawa. Ɗayansu ya ji bayanina ya ce ai wannan aikin minti biyu ne, ya danna, ya juyo min da allon yana murmushi. Aljanar Inna ce sak. A ranar na san irin kallon da Inna take yi min, don shi na yi wa yaron. Wani mai kilishi ne a bakin kasuwa ya ce, "Nomau kurma? Bi lungun ga, gida mai tantabaru."

Na yi sallama sau uku kafin wani dogon tsoho ya fito yana dogara sanda. Farcensa duk sun rine sun yi ja, irin na wanda ya daɗe yana tsoma hannu a maganin wankin hoto. Ya tsaya yana kallona. Sai ya ce, "Ummaru?" Na ce da ƙarfi, "Ɗanai na, Baba!" Ya kama hannuna da hannu biyu ya ƙi saki, hawaye suna bin gemunsa. Ni ma na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Shekara goma sha ɗaya da rasuwar Baba, ba wanda ya taɓa kirana da sunansa.

Aka sauke ni a ɗakin zaure, gadon ƙarfe, tantabaru suna taro a saman kwano. Matarsa Gwaggo Hajo, gajeriya mai fara'a, ta kawo dambu da zogale wanda har yau nake tunawa, da wani abu fari mai faɗi da ta ce cuku ne, nono ne aka busar. Na gatsa, na ji kamar na gatsa marfin tukunya. Ta yi dariya har da tafi, ta ce a shayi ake tsomawa. Shayin ma na yi abin kunya. An miƙo min ɗan mitsitsin kofi, na kwankwaɗe a kurɓi ɗaya, na yi godiya na miƙe. Ashe zagaye uku ne, kuma tashi bayan na farko kamar ka ce wa mai gida shayinsa bai yi ba. Baba Nomau ya ja rigata ya zaunar da ni. Na so in kawo maganar da ta kawo ni, ya ɗaga hannu ya ce sai na huta, gobe ma rana ce ta aiki.

Washegari da hantsi ya buɗe wani ɗaki a bayan gida. Ashe bai taɓa rufe nasa ba. Ɗansa da ke Yamai yana aiko masa da magani da takarda jefi-jefi, wai don ya sami abin yi ya daina damun mutane. Ga injin haska fim a tsaye a kan tebur, dogon wuya da babban kai, ga faranti uku na ruwan magani, ga jan ƙwan lantarki. Ya rufe ƙofa, ya saki baƙin labule, ya sa fim ɗin Inna a injin, ya haska a kan farar takarda, ya tsoma ta a faranti yana girgizawa a hankali. Takarda ba komai, ba komai, sai ga idanu, sai ga hanci, sai ga Inna tana tasowa daga cikin ruwa. Shekara ashirin ina sana'ar nan ban taɓa ganin hoto yana haihuwa ba.

Amma hoton na kowa da kowa ne, mayafi fari, ba zare. Na sa baki a kunnensa na ce, "Baba, na azurhwa nika so! Wane magani mahaihina ka sawa?"

Ya fashe da dariya har da tari. "Magani? Ubanka bai san komi ba! Uwakka ta tay yi shi."

Ya ce wata uku da bikinsu, Baba ya ɗauki amaryarsa hoto, suka shiga ɗakin duhu su biyu, shi da Baba Nomau. Takarda tana cikin faranti, hoton ya fito rabi, sai kawai ƙofa ta buɗe, labule ya ɗaga, rana ta faɗo ciki. Inna ce. Ba wanda ya gaya mata ba a buɗe ɗakin nan. Ta faɗi abin da za ta faɗa, ta ja ƙofa. Baba ya dafe kai yana salati, don haske in ya taɓa takarda a faranti ta lalace ke nan. Suka leƙa don su jefar, sai suka ga wurin da ya riga ya yi baƙi ya tsaya yadda yake, wurin fari ya juye yana ƙyalli, tsakaninsu ga zaren haske ya fito da kansa.

"Daga ranan," in ji Baba Nomau, "dut sadda za a yi na azurhwa, sai ya kore ni zaure, ya aika a kira ta. Ita ka buɗe ƙohwa, ta hwaɗi maganag ga, ta ruhe. Tsawon maganatta shi na awon haske. Ya ce in an rage ba ya yi, in an ƙara ya ƙone."

Na ce, "To mi taka cewa?"

Ya kawar da kai. "Ran hwarko na ji. Amma maganar amarya da mijinta ta, kunya ta sa na manta tun kan in kai zaure." Sannan ya ƙara da cewa, "Ni dai ina zaton da agogo ma a iya. Amma ubanka bai taɓa neman agogo ba."

Na ce to mu gwada. Takarda bakwai ta rage masa, muka kira Gwaggo Hajo ta zama mai buɗe ƙofa. Hoto ya fito rabi, Baba Nomau ya ƙwala mata kira, ta buɗe. "Salamu alaikum. Ina kwananku? Ina gajiya? Baƙo, ya baƙunta? Ya mutan Sakkwato? Ya mai jiki?" Muna ta ihu ta rufe, ita kuma tana jiran a amsa mata. Takardar ta fito baƙa ƙirin kamar gindin tukunya. A karo na biyu ta riga ta yi fushi, ta buɗe ta maido da ƙarfi ko numfashi ba mu yi ba, hoton ya fito bai san an yi ba. Ta ce ita ba za ta sake ba, shekara arba'in ana hana ta taɓa ƙofar nan, yau kuma an ce ba ta iya buɗewa ba.

Na karɓi aikin da agogon waya. Na gwada daƙiƙa biyu, na gwada huɗu. Ɗaya ya fito kamar an wanke shi a kwata, ɗayan ya ɗan ɗauko zaren a kafaɗa ya sake shi. Na kai hannu zan ɗauki ta biyar, Baba Nomau ya riƙe ni.

"Ukku sunka rage, ɗana. Ƙohwag ga gabas taka kallo, ta ubanka arewa. Ɗakin ba shi ba na, mai buɗewa ba ita ba ta. Abin da kaz zo nema gida kab baro shi, shina zamne kan tabarma." Ya sa aka naɗe min injin a bargo, da faranti, da magani, da jan ƙwan, da takarda ukun. Na ce me zai riƙa yi in na tafi da su? Ya ce zai koma damun mutane.

Dawowar ba sai na ja ta ba. Injin nan ya hana kowa sakat a mota, wuyansa yana leƙe ta taga. A kan iyaka wani sabon jami'i ya kwance bargon, ya ga dogon wuya da ido ɗaya, ya ja da baya. Ya ga ƙullin farin garin maganin wankin hoto kuma, ya ce in zauna a benci. Nan ne labarin bindigar harbo jirgi ya samo asali. Ina zaune ina haɗa bayani a raina, sai na ji an ce, "Kai! Ɗan Baturiya!" Mai gashin baki ne. Ya duba kayan ɗaya bayan ɗaya, ya saurari bayanina, ya ce a sake ni, amma sai na nuna wa sabon jami'in kansa a waya tukuna.

Kwana biyu ina fitar da buhunan gero daga ɗakin Baba, ina toshe ramuka da tsumma. Sannan na tura Asabe da saƙon ina roƙon Inna ta zo ta buɗe ƙofa. Ta dawo ta ce Inna ta ce ba ta tuna komai, kuma Nomau tun yana saurayi surutu gare shi. Na ce a ce mata takarda uku ce kawai. Wannan ma bai motsa ta ba. Na shiga da kaina na durƙusa na ce, "Inna, da kin hwaɗa min tun hwarko, da ban kai Tawa ba." Ta juya fuskarta ga bango ta ce wa Asabe, "Ya tambaye ni? Kwamhuta yat tambaya."

Na fito. Na san abin da ya tsaya mata. Macen da ba ta iya kiran sunan ɗan farinta, yaya za ta tsaya a gabansa ta maimaita abin da take gaya wa ubansa tana amarya? Na fara tunanin in gwada da agogo in ƙona sauran ukun.

Washegari bayan azahar Asabe ta shigo tana danne dariya, ta miƙo min dunƙulen auduga. "Ta ce ka toshe kunnuwanka. Duka biyu. Kuma ni in na kai ta bakin ƙohwa in koma kicin."

Na toshe. Na kunna jan ƙwai, na haska fim, na tsoma takarda. Idanu suka fito, hanci ya fito, mayafi ya fara nunawa. Na buga ƙofa sau ɗaya kamar yadda muka shirya. Ƙofar ta buɗe daidai faɗin kafaɗar Inna, ba ƙari, hannunta ya ɗaga labulen ba tare da lalube ba, rana ta faɗo a kan farantin. Auduga kuwa, jama'a, ba ta toshe komai. Muryar da na ji ba ta tsohuwa ba ce.

"Malam, tuwonka shina hucewa. Ni kau na gaji da jiranka."

Ta ja ƙofa.

Na tsaya a cikin jan hasken nan ina kallon faranti da ƙyar, don idona ya cika. Mayafin ya fara juyewa, ya yi toka, ya ɗauki ƙyalli. Bango ya yi duhu. Sai ga zaren ya taso daga goshinta, ya bi kumatu, ya bi mayafin, ya sauka har yatsu. Ban taɓa shi ba, shi ya zo da kansa.

Da ya bushe na kai mata tsakar gida inda haske ya fi yawa. Ta kai shi dab da idon dama har yana taɓa hancinta, ta bi zaren da ɗan yatsa tun daga sama har ƙasa, ta sake komawa. Asabe tana bakin kicin tana share ido da gefen zane.

Can Inna ta ce, "Shi na."

Sannan, ba ta ɗago ba, kuma ba ta bi ta kan Asabe ba, ta ce, "Kai. Ka ji abin da nic ce?"

Na ce, "Ban ji komi ba, Inna."

Ta ce, "To da wane kunne kaj ji wanga?"

Na taɓa kunnena. Audugar tana nan, duka biyu. Asabe ta zube ƙasa don dariya. Inna ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa, ta ce, "Maƙaryaci. Kamar ubanka."

Hoton yana ɗakinta yanzu, ba a bango ba, a ƙarƙashin matashinta. Idon ya ƙara ja da baya tun lokacin, amma kullum da hantsi tana fito da shi tsakar gida, ta ce zaren dai har yanzu tana ganin sa. Takarda biyu sun rage. Mutum huɗu a majalisa sun roƙe ni in yi musu na azurfa, na ce su je su tambayi mai buɗe ƙofa. Abin da ta faɗa a bakin ƙofar kuwa, ni ban ji ba, kuma in kun haɗu da Asabe, ku ma ba ku ji ba.